'Yan Tsanan Baba: A Hannu Ko a Gilashi?

Assalamu alaikum Anti mai filin shawara. Don Allah ki taimaka mini, abin ya tsaya mini a rai, kuma ina tsoron cin amanar mamaci.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai wasan 'yan tsana ne, irin waɗanda ake zura hannu a rigarsu, manuniya ta shiga cikin kai, babban yatsa da na tsakiya su zama hannuwa. Yakan ɓuya bayan labule yana sauya murya, yara suna dariya har da faɗuwa. Shi ya sassaƙa kawunansu da itace, ni kuma nake ɗinka musu riguna tun ina yarinya. Da ciwonsa ya yi tsanani ya damƙa mini akwatinsu, ya ce kada in bari su lalace. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Tun daga nan suna ƙarƙashin gadona. In fito da su, in kakkaɓe, in mayar. To 'yata, wadda ke koyar da ƙananan yara, ta yi ta roƙona har na ba ta aro. Ashe ta kwashe muryoyin kakanta tas, ban sani ba. An ce har iyayen da suka zo ɗaukar yara sun ajiye waya sun tsaya kallo. Sai dai ramin wuyan 'yan tsanan daidai yatsan Baba aka yi shi, nata kuwa siriri ne. Ana cikin wasa sai kan ɗan tsanan da ake kira Tsoho Masifaffe ya suɓuce ya bugi siminti, hancin ya ɓalle. Hancin nan dama ya sha karyewa a hannun Baba, na sha ganin yana liƙa shi yana yi masa tsiya. Amma shi mai kaya ne.

Yayanmu da ya ji, ya ce a kai su gidan adana kayan tarihi a sa a gilashi, inda ba hannun da zai sake taɓa su. A ganinsa wasiyyar ke nan. 'Yata dai ta dawo da akwatin, da guntun hancin a ƙulle cikin ƙyalle. Yaya yana jiran amsata. Wanne ne riƙon amana?

Daga mai ajiyar akwati.

Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba.

Yayanku bai yi laifi ba. Itace ba ya dawwama, kuma abin da uba ya sassaƙa in ya tafi ba a samun na biyu. Tsoronsa yana kan hanya.

Amma ki sake karanta abin da kika rubuto. Kin ce hancin ya sha karyewa, Baba yana liƙawa yana tsiya. Mutumin da ke yin haka bai ɗauki karyewar hanci a matsayin lalacewa ba, a wurinsa aiki ne. Kuma da ajiya kawai yake so, da yaya zai ba. Ke ya ba, mai allura da zare.

Ga shawarata. Ki ware waɗanda suka fi tsufa, da ba za su jure wasa ba, yaya ya kai su gidan tarihin da sunan Baba. Sauran ki gyara wa 'yarki. Ki yi wa ramin wuyan shafi da ƙyalle har ya kama yatsanta, ki rage rigunan da ɗinkin da za a iya warwarewa, kada almakashi ya taɓa su. Ta riƙa shimfiɗa bargo a ƙarƙashin labule. Kafin ki ba yaya amsa, ki gayyace shi ya zauna cikin yara ya ji muryar mahaifinsa a bakin 'yar ƙanwarsa.

Hancin kuwa, ki bar wadda ta karya ta liƙa da hannunta. Wannan ma yana cikin gadon.

Allah ya daidaita ku, ya sa albarka.