Ƙwayar da Ba Ta Narke Ba

Yuli, 1998

Ya Shafa'atu, sanyin idona, farin watan Tsafe, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gona, sallama gare ki daga wannan ƙasa mai sanyi da ba ta san sunanki ba.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce kin gaji da jira, abin da ke zuciyarki ya narke, in sauwaƙe miki alkawarin da muka yi. A tsaye na fara karantawa, a zaune na ƙarasa.

Kin tuna ranar da muka je Bungudu gidan Inna Ladidi, ana dafa mazarƙwaila? Ƙamshin ruwan rake ya cika gidan, Inna ta ce kada kowa ya taɓa sai ta huce, ke kuwa sarkin azarɓaɓi kika kai hannu, kika ƙone yatsa, kika yi ta hura shi har muka hau motar Tsafe, kina hararata don na yi dariya. Wallahi da zan samu wannan hararar yau, da na ba da duk karatun da na yi!

Aikina a nan ɗan'uwan na Inna ne. Roba nake narkarwa, irin ta leda, in bar ta ta huce sannu a hankali, zarurrukanta su nannaɗe kansu su zama ƙwayoyi, waɗanda silin gashinki ya fi su kauri sau dubbai. In na yi gaggawa sai su cukurkuɗe. Na saba da jiran roba har na ɗauka kowa zai iya jira haka.

Amma ki ji wannan. In za mu sake narkar da robar, ba ma kai wuta ƙarshe. Ido zai rantse komai ya zama ruwa, alhali ƙwayoyi kaɗan sun tsira, a kansu kuma sababbi ke tsirowa, su fi na farko kyau. Shafa'atu, don Allah ki duba mini: ko guda ba ta rage ba?

Malamina ya ce in ƙara shekara, na ce a'a, na miƙa wa wani sauran aikin. Ina tafe kafin a yanke gero. A Tsafe zan sauka, tun ban ga mahaifiyata a Gusau ba. In ƙwaya guda ta rage a zuciyarki, ki bar ni in iso ƙofar gidanku. In babu, ki turo ƙanwarki Hanatu bakin titi ta faɗa mini, in wuce ban wahalar da ke da ganin fuskata ba. Ko wanne ne, ni dai ba ni da wata.

Naki har numfashi ya ƙare,
Mas'udu