Uwar da Aka Ba Tsinke

Litinin, 3 ga Maris

Wata birinya ta mutu wajen haihuwa, ta bar ɗa namiji, siriri, ƙashi da fata. Na sa masa Tsinke. Na wanke fida, kwalbar shayarwar nan, na dama madara, na nemo tawul. Tun gashina yana baƙi nake aiki a gidan biran nan, kuma duk marayan da aka yi a hannuna ya tashi. Sai ga Likita ta tare ni a ƙofar ɗakin jinya. "Baba, wannan karon ba kai za ka rene shi ba. Guntuwa za mu ba."

Guntuwa! Tsohuwar birinya mai guntun wutsiya, haƙora duk sun zube. Na tsaya da fida a hannu kamar mai talla.

Laraba, 5 ga Maris

Guntuwa ta karɓe shi. Ta shinshina, ta juya shi, ta manna a ƙirji. Sa'a ce kawai.

Asabar, 8 ga Maris

Likita ta zaunar da ni, har da jawo mini kujera, alamar za a faɗa mini abin da ba na so. Wai akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, sirotonin, shi ne kamar linzamin da ke riƙe dabba in ranta ya ɓaci. Wai biran da suka tashi ba uwa, sau da yawa nasu ba ya aiki yadda ya kamata, ana ganewa in an ɗebi ruwa daga ƙashin bayansu an auna. Sai su girma da faɗa, da tsalle ba lissafi, barci ba daɗi, zama da 'yan'uwa ya gagara.

Na ce ni ban yi boko ba, rubutun nan ma a jikin kwalaben magani na koya, amma na san wanda ya haifi kowane biri a gidan nan har kakannin kakanninsu. Wanne ne ya mutu a hannuna?

Ta ce, "Babu ko ɗaya. Sun rayu, Baba. Zaman ne ba su iya ba."

Yarinyar da na girmi ubanta.

Talata, 11 ga Maris

Direbanmu ya same ni ina yanka ayaba. "Baba, ashe an yi maka ritaya ba mu ji ba? An ce sabuwar ma'aikaciyar ko albashi ba ta so." Na ce ya je ya wanke motarsa, ta fi shi kunya. Ya tafi yana dariya har da dafa bango.

Ayabar da ta fi ƙanƙanta na ba Guntuwa. Tsohuwa ce, cin da yawa ba ya yi mata kyau.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je wurin Ɗan Aljihu. Shi ne marayan da na fi ji da shi, a aljihun rigar aikina ya yi yarinta, yanzu ƙato ne. Shi kaɗai yake a kejin ƙarshe tun da ya yage wa wani kunne. Na same shi ya rungume kansa yana rangaji gaba da baya, gashin hannunsa duk ya tuge. Yana ganina ya zuro hannu ta raga ya damƙe mini riga, ya ƙi saki. A nuna mini birin da ke son Guntuwa haka!

Da na juya zan tafi ya gantsara wa hannunsa cizo. Dama yana yi. Halinsa ne, ubansa ma mafaɗaci ne.

Lahadi, 16 ga Maris

Guntuwa ba ta da nono, abin da kowa ya sani tun farko. Duk lokacin ba da madara sai an yi dambe da ita kafin a ciro Tsinke, in an ciro shi kuma ya firgita ya ƙi sha. Likita ta ce, "Baba, kai ta sani. Ka riƙa miƙa masa fida ta raga yana jikinta, don Allah."

Na ce ai uwa ce, ta shayar da abinta.

Alhamis, 20 ga Maris

Shara ce ta kai ni gaban kejinsu, ba kallo ba.

Bokiti ya faɗi, Tsinke ya zabura ya shige ƙirjin Guntuwa. Ba ta yi wani abin kirki ba, ta ɗan tsefe masa gashin kai, shi ke nan. Can sai ya sauka ya nufi sauran yara. Ta bar shi ya tafi! Da ya matsa kusa da babban namijin kejin, ta miƙa hannu ta jawo shi ta wutsiya, ko waiwaye ba ta yi ba. Ya sake sauka. Ta sake barinsa.

Ni nawa ba sa sauka. Ina za su je?

Haƙarƙarin Tsinke sun fito.

Litinin, 24 ga Maris

An ɗora shi a sikeli, nauyinsa ya ragu sosai. Da rana Likita ta kawo mini shi cikin tawul, idonta ja. "Ga shi, Baba. Rai ne gaba da komai. Ka yi yadda ka saba."

Ya dawo inda ya kamata. Ya shanye fidar tas. Direba ya leƙo, na ɗaga masa shi sama ya gani.

Talata, 25 ga Maris

Yana sha, ba laifi. Guntuwa ta ƙi cin komai, sai zagaye keji take tana kira, muryar har ɗakin jinya. In ya ji sai ya daskare.

Na ajiye shi a kwando in wanke hannu. Da na juyo ya naɗe hannuwansa a jikinsa. Ɗan rangaji kaɗan, gaba da baya. Ƙila sanyi ne. Na ƙara masa tawul. Bai daina ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Bayana ne ba ya son ɗauke-ɗauke yanzu, shi ne dalili. Jiya na mayar wa Guntuwa da shi. Ta fizge shi ba ko godiya, ta bincike shi daga kai har wutsiya kamar na saci wani abu a jikinsa.

Na tsuguna a gindin raga da fida. Ta mare mini hannu. Na sake miƙawa, ta sake mari. Na ce, "Ke tsohuwa, na san uwarki, ita ma haka take." Sai da gwiwoyina suka yi tsami sannan ta matso, ta juya mini gefe kamar ba da ni take ba, ya miƙo baki ya kama.

Likita ta gan mu, ta wuce abinta. Ta kyauta wa kanta.

Riƙon ma ba ta iya ba, a karkace take riƙe shi, madara na zuba ta gefen bakinsa. Yana sha idonsa na kanta, ba kaina ba. Na riƙe fidar har ya ƙoshi.