Alayyahun da Na Shuka a Daro

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigida da yara? Inna na gaishe ki.

Hankalina a tashe yake. Ɗiyata Safiya ta rame bayan masassara, malamar asibiti ta ce ƙananan tsiron alayyahu sun fi manyan ganye gina jiki. Sai na shuka a daro, ina tsinka mata a fate. Har ta fara kumatu.

Jiya babanta ya ce ƙasar daron daga inda ake niƙa dutsen zinariya a da ya ɗebo ta, wurin gubar dalma.

Gobe za a duba jininta a Anka. Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Da hannuna nake ba ta alayyahun nan, Yaya.

Ƙanwarki Rabi,
'Yargalma