Ƙasar Gindin Gamba

Baban Rabi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, babu motar garinmu Dogarawa mai zuwa inda kake. Amma bakina ya ƙi yin shiru. Ni ke faɗi, ɗiyarka Rabi ke rubutawa.

Gida lafiya lau. Jar saniyarka ta haihu, mace. Sai dai ƙanenka Sale ya sa ido kan faƙon nan na bayan gari, wanda ka ƙare ƙarfinka kana son mai da shi makiyaya. Ya ce in damanar bana ba ta fid da ciyawa ba, zai bar wa masu bulo su haƙe shi. Ban ga laifinsa sosai ba. Shekara biyu bayanka ina watsa sabon irin gamba a wurin, ko tsinke bai tsaya ba.

Ka tuna dariyar da nake maka? Ka ɗora wa jaki mangala, ka tafi fadama, ka ɗebo ƙasa daga gindin tsohuwar gamba ka cuɗa da iri. Irin ma sai wanda ya shekara a rumbu, wai sabon iri barci yake. Ni kuwa in ce wa ya taɓa ganin mai kai wa gona ƙasa in ba kai ba?

To ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekarar da ciwo ya kwantar da kai, ka ba ni irin da ka haɗa in shuka. Na ga duk ƙasa ce da guntayen saiwa, sai na sa faifai na bakace shi tas. Wai ni mai tsabta! Ya tsiro, ya yi 'yan kwanaki, ya bushe. Ka ce ƙila kai ne ba ka ɗebo ƙasar kirki ba, ni kuma na yi gum. Da wannan zato ka tafi. Wallahi abin na cin raina har yau. Ka yafe mini.

Da Rabi ta zo hutu daga lakwal, makarantarsu ta aikin gona, ta warware mini. Ashe cikin ƙasar nan akwai wani hunhuna mai amfani, zare-zare siriri, da ke kama saiwar ƙaramar ciyawa yana jawo mata ruwa da abinci daga nesa, ita kuma tana ciyar da shi. Barcin ma gaskiya ne: akwai sinadarin da ke riƙe sabon iri, sai ya daɗe ƙarfinsa ya ragu, sannan wani sinadarin ya tashe shi in ruwa ya sauka. Kai wa ya koya maka, kai da ko ƙofar lakwal ba ka taɓa takawa ba?

Jakinka ya tsufa, don haka bana da kaina na ɗauko ƙasar, kwano bisa kwano, na cuɗa da irin da ya shekara a rumbu. Mata na bakin rijiya suna yi mini irin dariyar da na yi maka. Na ce a raina ku yi, bashin dariya ne nake... a'a, hakkinka ne.

Yau kwana arba'in da shuka, gamba ta kai mini ƙwauri, koriya shar. Shekaranjiya Sale ya je ya tsaya a bakin faƙon yana kallonta. Jiya da safe na hango shi ya nufi fadama da jakinsa da mangala.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sa can ya fi nan ni'ima. Bana ban bakace ba.

Taka har gobe,
Uwar Rabi