Kwamfutar da Ba Ta Son Rana

Gangare, Jos
Ranar Lahadi

Zuwa ga Abban Rahma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardata za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin Mambila, yaya yi wa shanun mutane allura? Gwiwar da ka tafi tana ciwo ta lafa? Tunda sai ka hau tsauni wayarka ke kama sabis, na ba Ɗanbala direba wannan ya kawo maka.

Inna tana samun sauƙi. Hannun da ya shanye ya fara riƙe cokali, magana ce dai sai a hankali. Jiya na zaunar da ita a falo, ta yi ta zamewa a kan ledar kujera. Da na ce a yanke ledar nan haka, sai ta galla mini harara. Na tuna rimot ɗinka da kujerun motarka da har yau suke cikin ledarsu, na ga inda ka gado.

Kwamfutar da muka haɗa ta ƙi. Bayan tafiyarka na ƙarasa abin da ka bari, na jona wayoyi, na rufe akwatin. Ta kama, fankoki suka juya, har na yi hamdala. Na sa filashi don in ɗora mata babbar manhajar da za ta yi aiki da ita, ta fara lafiya, sai a tsakiyar hanya ta sandare. Allo yana nan a kunne, amma ko me na danna ba ta motsi. Na kashe na sake kunnawa, wannan karon ko nan ba ta kai ba.

Ka san abin da ke gabana. Oga Pam, editanmu, ya yarda in riƙa tsara shafukan jarida daga gida, da sharaɗin in aika masa shafukan gwaji kafin wata ya mutu. Tsohuwar laftof ɗina ba ta ɗaukar aikin. In ban aika ba, sai in koma teburina a Kaduna. Inna kuwa ta ce daga Gangare ba inda za ta, kuma ba ta yarda kowa ya juya ta ko ya murza mata hannun in ba ni ba. Ba ni da niyyar barin ta, ba ni da niyyar barin aikin. Saboda haka na'urar nan za ta tashi.

Rahma tana gaishe ka. Ka kula da gwiwarka.

Matarka,
Lubna

Gangare, Jos
Ranar Talata, bayan kwana tara

Abban Rahma,

Sallama da gaisuwa. Da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Amsarka ta iso, tare da zumar, an gode. Inna ta sha a shayi, ta sa maka albarka.

Ka ce in bar kwamfutar har ka dawo, ko in kai wa Hyginus da ya sayar mana da kayan. Dawowarka ta wuce wa'adin Oga Pam, don haka na ɗauki ta biyun. Hyginus ya duba ta sama-sama, shagonsa cike da mutane, ya ce wataƙila madabod ne, wato babban faifan da komai ke zaune a kansa, kuma kafin a canza shi daga Legas sai an yi haƙuri. Ya kira ni madam injiniya, ya tambaya ko oga, wato kai, ya san ina kwance masa kaya. Na ce masa oga yana can yana kokawa da bijimai. Mutumin kirki ne dai, ya ara mini akwatin wuta da wani filashi in gwada.

Na bi abin yadda aka koya mana gyaran shafi, kuskure ɗaya a lokaci ɗaya. Na canza filashi, ta sandare. Na cire sandunan ram, inda take ajiye aikin da ke hannunta, na gwada kowanne shi kaɗai, ta sandare. Na sa akwatin wutar Hyginus, ta sandare. Na zargi wutarmu mai hawa da sauka, na kunna ta da janareto, duk ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, ran nan na zauna a ƙasa da sukundireba a hannu, na fara tunanin wace jaka zan ɗauka zuwa Kaduna. Sai Inna ta kira ni daga ɗaki in gyara mata matashi, na tashi.

Ga abin da na lura da shi. Da asuba, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum ya kasa taɓa ruwa, tana yin nisa sosai kafin ta tsaya. Da rana tsaka kuwa, ko ina ba ta zuwa. Kuma in na sake kunna ta nan take, ta fi saurin sandarewa. Wannan ya yi mini kama da zafi. Amma fankar da ke kan firosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, tana juyawa lafiya, kuma kai ka ɗaura ta da hannunka ran da za ka tafi, ka ce kada in taɓa wurin domin shi ne mafi tsada da saurin lalacewa. Duk akwatin nan wurin kaɗai ne ban buɗe ba.

Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. Gobe zan kwance aikinka.

Ina kewarka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Lubna

Gangare, Jos
Ranar Asabar

Zuwa ga Likitan Shanu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta gwiwa. Mu nan sai godiya. Kafin ka ci gaba, ka duba cikin ambulan, akwai abin da na saka maka.

Ban yi gaggawar kwancewa ba. Na fara shiga shafin da na'urar ke nuna zafin jikinta tun kafin ta taso, na ga lamba tana ta hawa ba tsayawa. Na sa yatsa a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka, wanda aikinsa shi ne ya zuƙe zafin. Sanyi ƙalau. Ƙwaƙwalwa tana dahuwa, ƙarfen da ke manne da ita bai san ana yi ba. Ke nan akwai abin da ya shiga tsakaninsu.

Na kwance sukurorin, na ɗaga. Aikinka tsaf, man da ake shafawa ma ka shafa shi daidai. Amma a gindin ƙarfen, ga ledar da kamfani ke mannawa, da jan rubutu ɓaro-ɓaro cewa a cire kafin a ɗaura. Ba na jin ka manta. Na san ka gan ta, zuciyarka ta ce a bar ta kada ƙarfen ya karce. Na yi dariya har Inna ta aiko da tambayar ko lafiya.

Na ɓare ta, na goge wurin, na karɓo sabon mai wurin Hyginus, na mayar da komai. Da gangan na jira sai da rana ta take sannan na kunna. Ta ɗauki manhajar daga farko har ƙarshe, ta taso, ta buɗe. Na bar ta tana aiki yini guda, ko tari ba ta yi ba.

Shekaranjiya na aika shafukan. Oga Pam ya dawo mini da gyara a kanun labari ɗaya, ya ce in ci gaba da na mako mai zuwa, ya kuma ce za a ba wani teburina na Kaduna. Na mayar da jakar da na sauko da ita saman kabad.

Na je na gaya wa Inna ina nan, ba inda za ni. Ta miƙo hannun nan mai ciwo, ta kama yatsuna, ta riƙe, riƙon da ban san ya dawo mata ba. Da na ga ranta ya yi fari sai na nuna mata ledar, na ba ta labarin ɓarnar da ta yi, ko za ta sassauta a kan kujeru. Ta juya ta, ta duba, ta ce a hankali ɗanta ya yi daidai, abu sabo ba a tsiraita shi. Kujerunta suna nan yadda ka bar su.

Rimot ɗinka ne dai bai tsira ba, na ɓare masa tasa. Ledar kwamfutar da ke cikin ambulan kuwa ka adana ta da kyau, ko karce babu a jikinta.

Ka dawo lafiya, muna jiranka.

Matarka,
Lubna