Ranar da Aka Ɗaga Ujunwa a Kujera

Sabon Gari, Kano.

Zuwa ga aminiyata Hajiya Zara,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya jikin Kaka? Allah ya ƙara mata sauƙi. Tun da kika koma Maiduguri, Kantin Kwari ya daina yi mini daɗi.

Zara, hankalina ba a kwance yake ba. An sa bikin 'yarki Ujunwa ƙarshen watan nan, amma babanta, maigidana Boniface, ya kafe. Yaron, Ugochukwu, ɗan ƙabilarmu ne, sai dai danginsa addinin Yahudawa suke bi. Boniface kuwa, kin sani, shi ke jagorantar mawaƙan cocinmu. Ya ce bai hana auren ba, amma ƙafarsa ba za ta taka wurin ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin wata waƙa ce. Uwar ango ta ce a wurinsu biki bai cika ba sai da ita. Tsohuwar waƙar Yahudawa ce, tana farawa a hankali kamar ana lallashin jariri, sai ta yi ta ƙara sauri har mutane su kama hannun juna suna zagayawa. Na tambayi ma'anarta, aka ce kira ne kawai ga 'yan'uwa su tashi a yi murna. Ujunwa ta koye ta, takan rera ƙasa-ƙasa in tana wanke-wanke. Jiya babanta ya ji, ya ajiye cokali ya fice, ita kuma ta shige ɗaki tana kuka.

Ga kuma tsoron bakin mutane. Kin san yadda magana ke canza kama kafin ta tsallaka titi. Ko barcin kirki ba na yi. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Felicia

Sabon Gari, Kano.

Aminiyata Hajiya Zara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, atamfar da kika aiko wa amarya ta iso, Allah ya bar zumunci.

An yi biki ranar Lahadi. Na baro Boniface a gida da singileti, ya ƙure rediyo. Duk wanda ya tambaye ni shi, sai in ce yana hanya. Abokan kasuwancinmu na Fagge sun zo, ba wanda ya yi tsegumi.

Da aka soma waƙar, samari suka ɗora Ujunwa kan kujera, ango kan wata, suka ɗaga su sama. Ashe haka al'adar take, ba wanda ya gaya mini. Kujerar roba ce fa, ta haya! Kiɗa na ƙara sauri, ana tafi, ana juyi da su, sai ɗaya daga cikin masu riƙon ya yi tuntuɓe da wayar lasifika. Na ga kujerar ta karkata, Ujunwa ta tafi da baya. Na runtse ido na ƙwalla ihu.

Da na buɗe, wa zan gani ƙarƙashin kujerar? Boniface, da silifas ɗin wanka a ƙafa, ya tokare ta da kafaɗa. Ashe tun ɗazu yana raɓe a bakin ƙofa. Ya daka wa samarin tsawa su riƙe da kyau. Ujunwa ta leƙo ta gan shi, ta dafa kansa, ba ta ɗauke hannu ba har waƙar ta ƙare. Bai rera ba, bai yi rawa ba. Ana sauke ta ya kama hanyar gida.

Yanzu kafaɗar ta kumbura, ina gasa masa da ruwan zafi. Ina ta tsoron tayar masa da zancen bikin. Sai yau da safe, ina cikin gashin, ya ce in kira Ujunwa ta zo da mijinta su ci abinci. Har na miƙe, ya ƙara da cewa, "Ki tambaye ta abin da yaron ba ya ci."

Ki gaida Alhaji da Kaka, ki shafa mini kan yara.

Taki,
Felicia