Rasuwar Metir Moumouni Kimba, Lauyan da Ya Hana Mu Karya Hatimi

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Ungozomomi, Wanzamai da Masu Ɗakunan Shan Magani ta Zongon Lome ta samu labarin rasuwar lauyanta kuma garkuwarta, Mai Girma Alhaji Metir Moumouni Kimba, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a cikin tasi, a hanyar asibitin cikin gari. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo aka jibge mu nan bayan gari, marigayin ne ya bi mu gida-gida yana juya mana dokar kiwon lafiya daga Faransanci zuwa Hausa. Da faɗa da lallashi ya sa wanzamanmu suka saba dafa aska kafin kaciya, ya nema wa ungozomominmu takardar izini, wanda aka kama a cikinmu kuwa shi ke tsaya masa gaban alƙali.

Wajibi ne jama'a su san yadda aka yi. A watan jiya wani jami'in bincike ya rufe ɗakin shan magani na 'yar'uwarmu, Malama Rabiatou Hamidou, ya sa kwaɗo, ya ɗaure ƙofar da zare ya ɗiga jan kaki ya buga hatimin hukuma a kai, wai tagar ɗakin ta yi ƙanƙanta. Kowa a Zongo ya san tagar ba ta da laifi: ranar da aka umarci kowa ya fita rawar jam'iyya, Malama ta tsaya kan wata mai naƙuda. Marigayin ya kai ƙara, ya kuma gargaɗe mu cewa duk ranar da hatimin nan ya karye, izinin Malama ya tafi har abada, ita kuma sai kurkuku.

Ranar Juma'ar ciwonsa na fuka ya tashi a ƙofar masallaci, allurarsa kuwa tana cikin ɗakin nan na Malama da aka rufe, da ke tsallaken titi. Malama Rabiatou ta ɗauko dutse za ta fasa kwaɗon. Numfashinsa na sarƙewa, bai iya magana ba, amma ya damƙe mata hannu bai saki ba sai da ta yar da dutsen. Muna tsaye, mu da muke kiran kanmu masu magani, muka sa shi a tasi.

Mun yarda ajali ne, amma ba mu yafe ba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Hajiya Sahada, da 'ya'yansa da ɗaukacin dangi na nan da na unguwar Kodjoviakopé. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, Ya kuma bi masa haƙƙinsa.

Ranar Litinin za a saurari ƙarar Malama Rabiatou, har yanzu kuma ba mu sami lauyan da ya yarda ya karɓe ta ba. Za mu je mu tsaya da ita. Jami'in da ya ɗiga kakin nan kuwa, muna gayyatarsa ya zo ya duba aikinsa. Hatiminsa na nan lafiya lau, ko tsagewa bai yi ba.

Sa hannu:
Alhaji Sabitu Alassani,
Kakakin Ƙungiya,
Zongo, Lome, Maris 1983.